Yadda Aka Ari Kunnena a Ankara

Tun da muka dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a layin ɗiban ruwa a tare ni, har Malama Talatu da ta koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci ta tako da ƙafarta har unguwarmu Bolewa don ta ji daga bakina. Ni kuwa kun san muryata, in na fara labari a cikin taro rabin mutane ba sa ji. Malama ta ce, "Ai ba don ado muka koya miki riƙe biro ba." To ga shi na zauna na rubuta. Inda na yi tuntuɓe ku gyara a zuci.

Bari in fara da dalilin tafiyar. 'Yata ta fari, wadda ba zan rubuta sunanta ba, kun san dalili, ita ce mutanen unguwa ke kira Malamar Kunne. Aikinta a asibiti shi ne auna ji. Ba ta yin tiyata. Tana ɗora wa mutum abin sauraro a kai, ta sakar masa sauti kaɗan-kaɗan, ta gano inda jinsa ya tsaya, in da hali a sa masa na'urar ƙara ji. A da aikin ba shi da cunkoso. Amma tun da abubuwan nan masu fashewa suka fara tashi a garinmu, sai ka ga mutum ya tsira ba ko ƙwarzane, kunne kuwa ya tafi. Bencin ƙofar ɗakinta bai ƙara zama babu kowa ba.

A cikin wannan hali ta shiga karatun digiri na uku, wanda in an gama ake kiran mutum dakta. Makarantar tana can ƙasar Turawa, amma ƙafarta ba ta taɓa taka ta ba. A kwamfuta ake yi. An tsara shi ne don masu irin aikinta da ba za su iya barin marasa lafiya su tafi karatu ba. 'Yan ajinsu wani yana Indiya, wata tana Kenya, kowa ya taso daga asibitinsa ya zauna gaban allo. Lokacin da aka yanke layin waya a jiharmu, mota take shiga har Azare ta tura aikin da aka ba ta, ta juyo kafin dokar hana fita ta kama ta. Da tsohon ciki ta yi wannan zirga-zirgar.

Abu ɗaya ya rage mata, jarrabawar hannu. Malaman suka ce ba za su ba kowa shaida ba sai sun gani da idonsu yadda yake auna kunnen mutum mai rai. Sai suka kira ɗalibansu na Afirka babban birnin Gana, wanda mutanenmu ke ce wa Ankara. Wanda bai zo ba, ko ya zo ya faɗi, sai wani zagayen. Asibitinsu kuma sun gaya mata kada ta sa rai da wani hutun, don ita kaɗai gare su. Ga ɗanta Sadiku a bakin nono, mijinta kuma bai samu izini a wurin aiki ba.

Ta zo ta zauna a bakin ƙofata tana kallon ƙasa. "Yaya," ta ce, don haka take kirana, a hannun kakarta Goggo ta girma. Ba ta ƙarasa ba. Ni ma na kalli bango na ce, "Yaro dai ba ya tafiya babu mai goyo." Magana ta ƙare.

Keke mai ƙafa uku muka hau zuwa tasha, tunda an hana babur. A shingen fita gari aka sauke mu kamar kullum, hannu sama, muka taka a ƙasa muka wuce buhunan yashi. Wani soja ya buɗe jakarta ya ci karo da 'yar tocilan da take leƙa kunne da ita. Ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar ya kamo kunama. Ta yi masa bayani a hankali. Sai na ga ya waiga ya duba abokansa, ya rage murya, ya karkato mata kai. Ashe shi ma kunnensa ya daɗe yana yi masa fito. A bakin titi ta leƙa masa, ta ce ya same ta a asibiti in ta dawo. Da muka koma mota direba ya ce, "Likita, don Allah ki haɗa da kwandastana, in fasinja ya ce a tsaya nan ne kunnensa ke mutuwa."

Daga Kano muka shiga doguwar mota zuwa Ikko. Wannan ba zan ɓata muku takarda a kansa ba. Ƙafafuna dai sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

A tashar Ikko muka haɗu da Rifkatu, 'yar ajinsu, mutuniyar Jos. Shekaru suna ganin juna a allo ba su taɓa gamuwa ba. Ta tsaya ta ƙare wa Malamar Kunne kallo daga sama har ƙasa ta ce, "Kai! Ashe ke 'yar firit ce? A kwamfuta in kina ba Farfesa amsa sai in ɗauka kanki na taɓa silin." Sannan ta durƙusa mini. "Mama, sannu da hanya. Ni ce mai surutun nan da ke hana ki barcin rana." Na kuwa gane muryar, don wani lokaci a gidana Malamar Kunne ke kunna kwamfutar.

A iyakar Seme na ba da kunya. Ana cewa a sauko, na diro da Sadiku a baya na ɗaga hannuwana sama na kama tafiya. Sai na ji mata masu sayar da burodi suna dariya. Rifkatu ta biyo ni ta sauke mini su tana cewa, "Mama, nan ba a ɗagawa, ajiye kayanki." Amma da jami'in ya buɗe fasfonmu ya ga Yobe, dariya ta ƙare. Ya kira wani, wani ya kira wata, aka ware mu gefe. Me ya fito da mu? Wa muka sani a Gana? Me ke cikin kwamfuta? Malamar Kunne tana amsawa, ni ina ta salati a zuci ina kallon motarmu kada ta tafi. Rifkatu ta ƙi shiga motar, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa direba sai dai ya bi ta kanta. Ana cikin haka Sadiku ya miƙa hannu ya cafke hular matar da ke tambayarmu ya kai baki. Ta ƙwace, ya sake cafkewa. Ta yi dariya ba ta shirya ba, daga nan tambayoyin suka yi laushi, aka buga mana hatimi. Sauran iyakokin da sauƙi. Ƙasar Togo kuwa gyangyaɗi ɗaya na yi aka ce mun fita daga cikinta.

A Ankara mun sauka a unguwar Nima, a gidan wata Hajiya Memuna mai ba da hayar ɗakuna. Kakanninta fataken goro ne. Tana ganina ta ce, "Mama ya zo! Mama ya gaji, a ba shi ruwa." Na ce a raina, ikon Allah, na ƙetare iyaka uku na zo na tarar da Hausar tsofaffin kasuwarmu. Nan da nan na saki jiki.

Abincinsu ma da ɗan dangantaka. Da safe koko da ƙosai, sunan ma bai canza ba, sai dai kokon ya sha yaji har yana raɗaɗi a maƙogwaro. Akwai wake da shinkafa da suke dafawa ya yi ja, a zuba masa taliya, a zuba garin rogo, a ɗora ƙwai, a kawo wani baƙin yaji mai ƙamshin kifi, duk a ganye ɗaya. Na ce wa Hajiya Memuna a garinmu wannan abincin gida uku ne. Kenke ne kawai muka kasa shiryawa da shi. Tuwon masara ne mai tsami a naɗe cikin ɓawo. Na ɗauka ya kwana ne ya lalace, na kai mata a ɓoye don kada in kunyata mai dafawa. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba abinci ba ne. Ka shiga masallaci ba mai laluba ka. Magariba ta yi mutane suna ta harkarsu ba mai sauri. Wata rana muka fita da Hajiya Memuna, muka ga taro an kafa rumfuna, kowa da baƙi da ja, ana kiɗa ana rawa. Na ce bikin wa ake? Aka ce mutuwa aka yi. Na ce a raina, kowa da yadda yake kukansa. A ranar ce kuma tayar wata motar haya ta fashe kusa da mu. Kafin ƙarar ta gama, ni da Malamar Kunne muna kwance a ƙasa, na danne Sadiku da jikina. Mai gasa ayaba ko motsi ba ta yi ba. Hajiya Memuna ta ɗaga ni tana kakkaɓe mini zane, ba ta yi dariya ba wannan karon. "Haka kuke zaune a can?" ta ce. Na ce haka muke.

Ranar jarrabawa aka tashi da ruwan sama irin wanda ban taɓa gani ba. Kwatoci suka cika suka haɗe da titi. Da ƙyar muka isa asibitin da aka ara musu. Ɗalibai suka shige ciki, ni na zauna a baranda da Sadiku. Ashe mutanen da aka shirya za a auna, rabinsu ruwa ya tare su a gida.

Can sai ga Farfesa ta fito, wata tsohuwar Baturiya mai furfura, tare da wata nas mai jin Hausa. Suna neman wanda zai ba da aron kunnensa. Nas ta ce, "Mama, kunnenki lafiya?"

A nan sai in gaya muku abin da wasunku suka sani. Tun ranar da abu ya tashi kusa da ni ina dawowa daga cefane, kunnena na hagu bai koma daidai ba. Kullum kamar an kife ƙwarya a kansa, ga wani zuu da ba ya tsayawa. Malamar Kunne ta sha aiko ƙannenta su roƙe ni in je ta duba. Ina? 'Yar fari ta kama kaina ta juya, ta leƙa cikin kunnena? Wa ya taɓa gani? Amma baƙo a garin baƙi, wannan da sauƙi. Na ce wa nas na hagun yana da magana.

Sai ta nuna ƙofar da Malamar Kunne ta shiga, don ta gan mu tare, ta ce, "Wancan yarinyar ki ne?"

Me za ku ce in ku ne? Na amsa yadda na saba amsawa tun ranar da aka haife ta. "Ta Goggo ce. Ni raino na zo."

Nas ta juya ta gaya wa Farfesa cewa mai raino ce. Ta karɓi Sadiku, aka kai ni wani ɗan ɗaki mai ƙofa mai kauri kamar ta firji, da tagar gilashi. Ana rufewa duniya ta ɗauke. Ina zaune sai ƙofar waje ta buɗe, aka shigo da ɗalibar da za ta auna ni. Muka haɗa ido ta gilashi. Ita ce.

Na ga fuskarta ta canza. Ba ta zauna ba, ta juya wurin Farfesa ta yi magana. Daga baya na ji abin da ta ce: "Wannan mahaifiyata ce." Farfesa ta ɗaure fuska, ta kira nas, nas ta rantse da bakina na ce ba 'yata ba ce, kuma ta ji yarinyar tana kirana Yaya. Aka buɗe ƙofata. Ban ji Turanci ba, amma na san fuskar mutumin da yake zaton an haɗa baki an cuce shi. Karatun shekaru, da zuwa Azare, da iyakoki, ga shi zan rushe shi da kalma ɗaya.

Allah ya sa Rifkatu ta gama tata tana baranda. Aka kira ta. Ta yi ta bayani da baki da hannu, tana nuna ni tana rufe fuska da tafi. Farfesa ta saurara, ta sa aka tambaye ni, an taɓa auna kunnena? Na ce a'a. Ko sau ɗaya? Ko sau ɗaya. Ta dubi Malamar Kunne, ta dube ni, ta girgiza kai. Ta ce babu wani mai jiran awo, don haka a ci gaba, amma za ta ƙara kiran wani malamin su zauna su biyu a kanta.

Malamar Kunne ta shigo, idonta a ƙasa nawa a ƙasa. Ta ce, "Yaya, zan taɓa." Ta ɗage ɗankwalina ta leƙa kunnuwan. Hannunta da sanyi. Ta ɗora mini abin sauraro ta ce, "In kin ji ƙara, kome ƙanƙantarta, ki ɗaga hannu." Ta fita ta zauna gaban na'ura.

To ga inda na yi tawa dabarar. A ajinmu na yaƙi da jahilci, wadda ta fi ɗaga hannu ita ce mai ƙoƙari. Na ce a raina duk ƙarar da ta wuce ban ji ba, maki ne yarinyar nan ta rasa, kuma na riga na jawo mata abin da na jawo. Na dama bai ba ni wahala ba. Da aka koma na hagu sai shiru, sai zuu ɗin nan nawa. Sai na kafa wa kafaɗarta ido ta gilashi. Ta motsa, in ɗaga. Ta sunkuya, in ɗaga. Har da ta gyara mayafi na ɗaga. Ina jin daɗi a raina ina cewa yau kam na taimaka.

Na ga malaman biyu sun kalli juna. Na ga ta tsaya, ta ɗora hannuwanta biyu a kan tebur inda kowa zai gani, ba ta taɓa komai ba. Ni kuwa hannuna yana sama.

Ta taso ta buɗe ƙofa. Ta kama kujerata da ni a kai ta juya ta ta fuskanci bango. Sannan ta zagayo ta durƙusa a gabana, ta ɗage abin sauraron, ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana 'yar mitsitsiya.

"Yaya, ba ke ake jarrabawa ba. Abin da ba ki ji ba shi nake nema. In kina so in ci, ki bar mini kunnen yadda yake."

Na ce, "In na yi shiru ba za su rage miki ba?"

"In kin yi shiru ne zan samu."

Ta fita. Na zauna ina kallon bango, hannuna a cinya na danne shi da ɗayan. Wallahi ban taɓa aiki mai wuya irin wannan ba. Na san ƙararraki suna wucewa ta kunnen nan, na san tana can tana jira, ni kuma ba abin da zan ba ta sai shiru. Can da nisa na ji wani siririn fito kamar na sauro a wani ɗaki. Na tsaya na tabbatar ba nawa ba ne, sannan na ɗaga. Haka muka yi ta yi. Daga baya ta sa wa na dama wani shuu kamar ruwan sama don kada ya taya ɗan'uwansa, ta ɗora mini wani abu a ƙashin bayan kunne, ta kira kalmomi da Hausa ina maimaitawa. Da aka gama ta zauna gabana da malaman a tsaye, ta yi mini bayani kamar yadda take yi wa kowa: na dama lafiya lau, na hagu ya samu rauni a can ciki, ba zai dawo kamar da ba, amma na'ura za ta taimaka. Na ce to.

Na koma baranda na karɓi Sadiku. Aka shiga da ita wani ofis aka rufe. Ruwa ya tsagaita, ni ban ma lura ba. Rifkatu tana ta ba ni labari don ta ɗauke mini hankali, ban san me take cewa ba, ga shi ta zauna ta hagu.

Da ƙofar ta buɗe, Rifkatu ce ta fara kai mata. Na ji ihu. Ta dawo da gudu tana tafi. "Mama, ta ci! Farfesa ta ce wai da yawa sai su rubuta abin da hannu ya gaya musu su wuce, ita kuwa ta kama ki dumu-dumu. Ta ce a tambaye ki ko za ki dawo baɗi ki ruɗa musu sauran ɗalibai."

Na ce ta gaya mata na tuba.

Malamar Kunne ta ƙaraso ta tsaya nesa kaɗan, tana gyara jakarta da ba ta buƙatar gyara. Bakina cike da magana, amma ga mutane. Sai na ɗaga Sadiku na juyo da fuskarsa gare ni na ce, "Kai, ka gaya wa uwarka ta yi ƙoƙari. Ka ce Allah ya yi mata albarka."

Ta sunkuyar da kai. Ta matso ta kama ƙafar yaron tana wasa da yatsunsa, ta ce, "Sadiku, ka ce mata an gode. Ka ce kuma in mun koma akwai awon na'ura ranar Litinin, kada ta ce za ta aiko wani."

Mun dawo lafiya ta hanyar da muka bi, mun shigo Potiskum da sauran rana. Ranar Litinin na je. Na tarar bencin ya cika har ƙasa, na bi layi kamar kowa. Iyakar abin da na gano ke nan, wadda ba ta gamsu ba ta zo gida mu ƙarasa da baki.